Quick Share ko SHAREit? Ga wadda zan ce ka riƙe

Malam, kan tambayarka ta wadda ta fi aminci wajen turin fayil daga waya zuwa waya tsakanin manhajojin SHAREit da Quick Share, ni dai Quick Share zan ce ka riƙe.

Ita nake amfani da ita tun tana amsa sunan Nearby Share, kafin Google su haɗe ta da ta Samsung a farkon 2024. Ranar kamun ƙanwata a Gwammaja na ƙara yarda da ita. Bidiyon yana wayata, gwaggonni suka yi mini caa, wannan ta miƙo Tecno, waccan Infinix mai fasasshen gilashi. Ba wadda na saukar wa komai, don tana cikin wayar tun daga kwali. Na kunna musu, na tura, kafin a gama rabon alkaki kowa tana kallon kanta tana dariya. Ba talla, ba a taɓa datar kowa ba.

Ba wai ba a taɓa kama ta da ɓaraka ba. A Agustan 2024, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON a Las Vegas, masu binciken kamfanin tsaron kwamfuta na SafeBreach sun fito da ɓaraka 10, akasari a ta kwamfuta mai Windows. Ɗaya tana bari a jefo maka fayil ba tare da ka amince ba, wata kuma ta ja kwamfutarka ta hau Wi-Fi ɗin ɗan kutse. Amma kafin su yi magana a bainar jama'a Google sun riga sun fitar da gyara. Da aka gano ɗinkin bai kama sosai ba, suka sake wani. A waya kuwa gyaran yakan biyo ta Google Play da kansa, ko kana barci.

SHAREit tana da sauri, ba zan hana ta wannan ba. Sai dai a Fabrairun 2021 masu binciken kamfanin tsaron kwamfuta na Trend Micro sun bayyana cewa wata muguwar manhaja da ke cikin wayarka za ta iya bi ta cikinta ta kwashi bayanai ko ta cusa maka abin da ba ka nema ba. Lokacin an sauke ta fiye da sau biliyan 1, kuma sun ce sun shafe wata 3 da sanar da masu ita ba amsa. Sai da magana ta fasu gyara ya fito.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. In ka sayi waya, ko a Farm Center ko a ina, kar ka yarda yaron shago ya ce "Alhaji bari in cika maka ita da kaya". Wasu daga kwamfutarsu suke zubo tsohon zubin manhaja, ko wanda aka yi wa kwaskwarima wai an cire talla. Wanda aka yi wa kwaskwarimar ba ya karɓar sabuntawa daga Play Store, kuma Allah kaɗai ya san abin da aka ƙunsa a ciki. In an riga an sa maka, goge shi yau.

A Quick Share ɗin ma ka shiga saiti, wajen wanda zai iya ganin wayarka, ka bar shi a kan waɗanda kake da lambarsu. Kar ka buɗe wa kowa da kowa sai lokacin da za ka karɓi abu, musamman a cunkoson Kwari ko cikin Adaidaita. In kana da ta kwamfuta, ita ka riƙa leƙawa kana tabbatar da cewa sabuwa ce.