Holdem ko Omaha: mi ya sa ƙwararrun 'yan poka ke riƙe wani wasa su bar wani

Assalamu alaikum 'yan gurup. Ƙanena da ka yi tambaya shekaranjiya da dare, ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, abin na son a zauna ne a warware shi. Ka ce ka ga bidiyo a YouTube, wani tebur ana raba karta biyu-biyu, wani tebur huɗu-huɗu, duka kuma ana ce musu poka, har ka ji wai akwai manyan da sunka bar mai biyun sunka koma mai huɗu, to mi ya kawo haka kuma wanne ya fi. Ni dai na daɗe ina bin wasan ga ta intanet saboda lissafin da ke cikinshi, tun muna buga bilot a fadarmu nan Yantala ana dafa shayi, to bari in gaya maka abin da na gane.

Ƙwararre ba daɗin wasa shike bi ba, kasuwa shike bi. Kaman dillalin bisashe ne da za shi zauna shi yi tunani ko shi tafi kasuwar Badagishiri ko shi wuce Abalak, ba wai don wata ta fi wata kyawon gani ba, sai don ina ne masu saye sunka fi yawa, ina ne shi ya fi sauran ido, kuma in kasuwa ta juya mishi baya jarinshi za shi iya ɗauka ko ko. In ka riƙe wanga, sauran duk mai sauƙi ne.

Mai karta biyun shi ne Holdem, cikakken sunan Texas Hold'em. Kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa, uku tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ta ƙarshe, kuma sau huɗu ake zagayen zuba kuɗɗi. Mai huɗun shi ne Omaha, buɗewar tsakiya iri ɗaya ce, amma akwai doka guda da ke kada sabon shiga: dole ka yi aiki da biyu cif daga hannunka, uku cif daga tebur. Misali pik huɗu sun fito a tsakiya kai kuma kana da as na pik guda ɗaya tak. A Holdem ka haɗa kala biyar, yawanci ka gama da kowa. A Omaha ba ka da komi, tunda pik biyu ake so daga hannunka. Wallahi mutane da yawa sun tura kuɗɗinsu duka a kan wagga kuskure, kuma irin wurin nan ne ƙwararre ke cin abincinshi.

Duba lissafin gefe da gefe. Karta 52, in za a ba ka biyu, hannuwa 1,326 ne ke iya zo maka, in ka haɗe masu kama da juna su koma iri 169 kacal, mai ƙwazo shina iya hardace abin da za shi yi da kowane. A Omaha hannuwan 270,725 ne. Wa za shi hardace wanga? Sannan karta huɗu na nufin haɗin biyu-biyu har shidda ne a hannun kowa, don haka hannun da za ka yi alfahari da shi a Holdem a can ba komi ba ne, kusan kullum sai ka tambayi kanka ko akwai wanda ya fi ni, kuma yawanci akwai.

To amma inda maganar take shi ne tazara. A Holdem in kana da as biyu wani na da sarki biyu kunka tura duka kafin a buɗe tsakiya, cikin sau 100 kai ka ci wajen 82. A Omaha ko kana riƙe da as biyu, in ka gamu da mai kartoci huɗu a jere masu kyau, abin bai wuce wajen 60 da 40 ba. Bayan an buɗe ukun farko ma haka, mai jiran jeri, wato karta biyar masu bin juna, a Holdem karta 8 ke fidda shi in jerin buɗe yake ta gaba da baya, a Omaha akwai hannun da karta har 20 ke iya cika mishi. Ma'ana wanda ke baya bai cika yin nisa ba. Za ka ce to ai wanga asara ce ga ƙwararre, tunda shi ke gaba. Eh da a'a. Eh, don za shi sha kaye sau da yawa ko da ya yi daidai, kuɗɗinshi su riƙa hawa da sauka kaman farashin albasa tsakanin kaka da bazara, shi ya sa mai Omaha ke bukatar jari mai kauri sosai fiye da mai Holdem a tebur mai tsada ɗaya. A'a kuma, don wanda bai iya ba shi ma shina ci lokaci-lokaci, shi tashi da murna shi ce ai na iya, gobe shi dawo da wasu kuɗɗin. A Holdem in bai iya ba ƙwararru na iya share shi da wuri shi yi fushi shi daina zuwa. Kuma mai karta huɗu a hannu ko da yaushe gani shike akwai abin da za shi fito, bai son ajewa, sai tukunya, wato kuɗɗin da anka zuba a tsakiya, ta yi ta kumbura. Saboda haka ne ma akasari ake buga Omaha da ƙa'idar ba ka zuba fiye da abin da ke cikin tukunya, shi ko Holdem ɗin da ka gani ba shi da iyaka, ko yaushe kana iya tura duk abin da ke gabanka, kuma wanga ne ya sa burga ke da ƙarfi a cikinshi, mutum ba shi da komi shi tura duka mai hannu mai kyau shi tsorata shi aje.

To mi ya sa har yanzu Holdem ne sarki? Jama'a. Babbar gasar duniya da ake ce ma WSOP ta fara a Las Vegas ta Amurka a 1970, kuma babban wasanta Holdem ne marar iyaka, kuɗɗin shiga dalar Amurka 10,000 tun 1972, yau sama da miliyan 5 na sefa kenan. A 2003 wani kwantabul mai suna Chris Moneymaker, ba ƙwararre ba, ya samu kujera ta wata 'yar ƙaramar gasa a intanet, ya zo ya cinye gasa mai mutum 839 ya tafi da dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Ga kuma kamara da anka fara sawa tana nuna ma masu kallon talabijin kartar da ke rufe. Kowa ya ce ni ma ina iyawa. Zuwa 2006 masu shiga sun kai 8,773, a 2024 kuma 10,112. Karta biyu na da sauƙin koyo, minti goma ka gane doka, shi ya sa duk gidan caca da ka shiga a duniya in akwai poka to Holdem za ka fara tararwa. Ƙwararren da ke son aiki kullum ba tare da jiran a tara mutane ba nan za shi zauna. Su a bakinsu wanda bai iya ba kifi suke ce mishi, to Holdem ne babban gulbi.

Sai dai gulbin ya cika da masunta, kuma kwamfuta ta shigo. A 2015 masana a jami'ar Alberta ta Kanada sunka fito da wata manhaja Cepheus da ta kusa warware Holdem mai iyaka na mutum biyu gaba ɗaya. A 2017 wata mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta zauna da ƙwararru huɗu kwana 20, rabo 120,000 na Holdem marar iyaka, ta doke su. A 2019 Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shidda. Yau yaro ɗan shekara ashirin na iya sayen manhajar lissafi shi kwana shina tambayarta mi ya kamata a yi a wuri kaza, abin da tsofaffi sunka shekara talatin suna koyo da asara. Tazara tsakanin gwani da mai bi mishi ta zama siririya, ga gidan caca na cire la'adarshi daga kusan kowace tukunya, in tazararka ba ta fi la'adar ba aikin banza kake. Wanga shi ne babban dalilin ƙaura zuwa Omaha. Can ma akwai manhajojin, amma yawan hannuwan ya sa ba a haddace shi da sauƙi, kurakuran mutane sun fi girma.

Akwai kashi na uku da ba ka tambaya ba amma ni su na fi girmamawa, masu wasa gauraye. Kafin Holdem shi mamaye, Stad mai karta bakwai ne ke tashe a Amurka. Shi babu kartar tsakiya, kowa da nashi bakwai, uku a rufe huɗu a buɗe, kuma in mutum ya aje, kartocinshi da ka gani sun tafi, sai dai ka riƙe su a ka. Duk wanda ya iya bilot ya san wagga wahala, kaman ƙirga atu ne, wanda ya manta atu nawa sunka fita ya kashe abokinshi. Akwai Raz inda mafi ƙanƙantar hannu ke ci, akwai wanda ake raba tukunya biyu tsakanin babba da ƙarami, akwai na canjin karta sau uku. A manyan teburan Las Vegas irin na Bellagio sai a riƙa juya wasannin ga ɗaya bayan ɗaya, dalili kuwa don kada gwanin wasa guda shi zo shi cinye kowa, in ka fi su a Holdem to dakata a zo Stad. A 2006 WSOP ta buɗe gasar gauraye ta dala 50,000, Chip Reese ya ci ta farko, da ya rasu a 2007 anka sa ma kofin sunanshi, kuma a wurin ƙwararru da yawa cin wagga ya fi nuna gwaninta bisa cin babbar gasar, ko da kuɗɗinta ba su kai ba. Ka kwatanta mutum biyu: zuwa 2024 Phil Hellmuth na da munduwar zinariya 17 ta WSOP, wadda ake ba duk wanda ya ci ɗaya daga gasanninta, mafi yawansu a Holdem, shi ko Phil Ivey na da 11, a Omaha da Stad da gauraye da irinsu. Ɗaya ya zauna inda taro yake ya iya karanta sababbin shiga, ɗayan ya bi inda babu wurin ɓuya. A ganina na biyun ya fi wuya nesa. Illar gauraye guda ce, teburan kaɗan ne, ba ko'ina za ka same su ba.

Wani abin da za shi tabbatar maka cewa kuɗɗi suke bi: attajiran Asiya a wurare irin Makawo sunka so wani Holdem da anka cire 2, 3, 4 da 5, karta 36 ta rage, kusa da 32 ɗinmu na bilot, manyan hannuwa na fitowa a kai a kai har anka canza doka kala biyar ta fi uku-da-biyu, wato uku masu lamba ɗaya da wasu biyu masu lamba ɗaya. Ƙwararrun Amurka da Turai ba su ce wanga ba wasanmu ba ne, zama sunka yi sunka koye shi sunka hau jirgi, har WSOP ta sa shi cikin gasanninta a 2019.

Gasa da teburin kuɗɗi kuma a taƙaice: a gasa wajen kashi 15 cikin 100 ne kawai ke samun wani abu, sauran sun tafi hannu wofi, gwani na iya wata da watanni bai ci komi ba, shi ya sa da yawansu ke saida wani kaso na shigarsu ga masu jari, miliyoyin da kake gani a hoto ba duka nasu ba ne. Teburin kuɗɗi ba shi da kofi ba shi da suna, amma ka tashi lokacin da ka so.

Yanzu wanne ya fi da ka tambaya. In don ka gane abin da kake kallo ne, fara da Holdem, Omaha sai ka san darajar hannuwa kaman sunanka. In ko don ka sa kuɗɗi ne, ƙanena ina roƙonka ka bari, kuma da gaske nike. Caca ce, hukuncinta a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90, ba ni da abin ƙarawa. Ko ta lissafi ma, duk bayanin da na yi maka sama bayani ne na yadda gwanaye ke zaɓen inda za su tarar da irinmu, ribar ƙwararre ba daga sama take faɗowa ba, daga aljihun sabon shiga take fita, bayan gida ya cire nashi. Na ga wani yaro a unguwarmu da ya fara da jika biyu a salula, bai farga ba sai da kuɗɗin babur ɗin da shike kabu-kabu da shi sunka tafi, har yau mahaifiyarshi in ta tuna sai ta yi hawaye.

In kana son ka ga tazarar nan da idonka ba sai ka kashe ko dala ba. Ran asabar in ka zo fada ka taho da karta cikakka mai 52, ba ta bilot ba. Mu aje as biyu gefe, sarki biyu gefe, mu buɗe biyar sau hamsin muna jan layi a ƙasa, sannan mu ƙara ma kowane gefe karta biyu mu sake wani hamsin da dokar Omaha, mu ƙirga sau nawa mai as ya faɗi a kowane.