Sharhi kan sabbin tayoyin da na sa wa babur a Sakkwato

Tayoyin da ke kan babur ɗina ƙirar Bajaj Boxer ba su suɗe ba lokacin da na canza su, domin ni ba ɗan kabu-kabu ba ne, iyakata daga Mabera zuwa wurin aiki, sai kuma ziyarar dangi a Bodinga jefi-jefi. Zanensu yana nan da sauransa, amma shekaru sun riga sun ci robar. Mai facin unguwarmu ne ya danna gefen tayar baya da babban yatsa, sai ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe kamar ƙasar fadama da ta bushe, sannan ya nuna mini lambobi huɗu a cikin ɗan zagayen da ke jikinta: 1418. Ya ce, "Malam, wannan tun mako na 14 na shekarar 2018 aka ƙera ta, ta gama aikinta."

Haka tsarin yake tun daga shekarar 2000: lambobi biyu na farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekara, kuma galibi suna zuwa ne a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Kamfanin ƙera taya na Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta yi shekara 5 ana amfani da ita, a kuma cire ta idan ta cika shekara 10 da ƙerawa, ko da kuwa zanenta bai taɓu ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fi tsanantawa, domin shekara 4 da ƙerawa take ambata a matsayin wa'adin taya. A ganina mazaunin Sakkwato ya fi dacewa ya karkata ga mai tsananin, saboda daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalta tana ɗaukar wuta, babur kuma a rana yake wuni, alhali zafi da hasken rana su ne suke busar da roba har ta taurare ta daina kama ƙasa. Illar tana fitowa ne a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da baƙin mai suka haɗu suka yi santsi, mutum ya taka birki babur ya ci gaba da zamewa.

A wani shago cikin layin masu sayar da kayan babur na sayi sababbin, girman ta gaba 2.75-17, na ta baya 3.00-17. Wadda aka fara ɗauko mini tana cikin ledarta fes, amma lambarta ta nuna ta kusa shekara 3 a ajiye. Da na yi magana, mai shagon bai yi gardama ba, ya tura yaronsa ciki ya fito da wadda ba ta cika shekara ba, a kan kuɗi ɗaya. Wannan na yaba masa. Abin da ban yaba ba shi ne yadda ya rataye wasu tayoyin a ƙofar shago don talla, rana tana dukansu tun safe har la'asar, kuma su ma wani za a sayar wa a matsayin sababbi.

Yaron da ya ɗaura ya san aikinsa, ya lura da kibiyar da ke nuna inda taya za ta juya, ya kuma canza tif ɗin duka biyu, sai dai iskar da hannu ya auna ta, ba da geji ba, sai da na koma wurin mai faci aka rage.

Bambancin ya fi bayyana a kwana da kuma wurin taka birki, domin yanzu babur yana kwanciya a shataletale ba tare da baya ta yi wutsil-wutsil ba, ramukan hanya ma sun rage bugun hannu. Zan sake saye a shagon, da sharaɗin a ɗauko mini daga ciki, in kuma karanta lambar da idona kafin in biya.