TP-Link TL-PS110U: ɗan akwatin da ke ɗora tsohuwar firinta kan netwok ɗin ofis

Firinta irin HP LaserJet 1320 ko P2015 ba ta mutuwa da wuri. Hodar tawadarta, 49A da 53A, na nan a kasuwa, masu gyara kuma sun san cikinta. Matsalar ita ce yawancinsu USB kaɗai gare su, sai 1320 mai ƙarin tsohon bakin faralel, don haka a ofis ake jona ta da kwamfuta ɗaya a raba wa sauran. Ranar da mai kwamfutar ya kashe ta ya tafi gida, bugu ya tsaya wa kowa. Wannan ciwon ne TL-PS110U ke magani.

Akwatin bai cika tafin hannu ba: bakin USB 2.0 guda, bakin kebul ɗin netwok mai gudun 10/100, sai na caja. Ba shi da Wi-Fi. Mai firinta mai bakin faralel sai ya nemi ɗan'uwansa, TL-PS110P.

A wajen saiti ake shan wahala. Daga kamfani yana zuwa da adireshin 192.168.0.10, alhali rauta da yawa na rabon adireshi a 192.168.1 ko 192.168.8. In haka ne, kwamfutarka ba za ta gan shi ba. Ka ba kwamfutar 192.168.0.20 na ɗan lokaci, ka buɗe shafinsa a burauza, ka sauya masa adireshi zuwa layin ofishinku. Lallai ya zama tsayayye, kuma a wajen lambobin da rauta ke rabawa da kanta. Wanda ya sa shi a DHCP, wato tsarin da rauta ke raba adireshi da kanta, zai ga aikin da zarar an ɗauke wuta an kawo: rauta na iya ba shi sabuwar lamba, kwamfutoci kuwa suna ta aika takardu zuwa tsohuwar lambar.

A Windows kada ka jira ta nemo firintar da kanta. Ka ƙara ta da hannu, ka zaɓi Standard TCP/IP Port, ka rubuta adireshin, ka shiga Custom, ka zaɓi LPR, sunan layin jira kuma lp1. Akwai wani ɗan gurbi mai suna SNMP Status Enabled. Ka cire masa alama. Shi ne ke sa Windows ta ce firinta ba ta kan layi alhali tana kunne lafiya lau, domin tana tambayar halin da firintar ke ciki ba ta samun amsar da take so. Wannan alamar kaɗai na iya sa mutum ya mayar da akwati mai lafiya shago.

Abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi shi ne akwatin ɗan aike ne kawai, ba ya fassara komai. Kowace kwamfuta sai ta sami direban firintar nata, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da firintar. Firintocin da ke jin yarukan bugu na PCL ko PostScript, kamar 1320 da P2015, suna tafiya sumul. Irin LaserJet 1018 da 1020 da P1005 kuwa, kwamfuta ce ke yi musu tunani, har manhajar cikinsu daga can ake loda musu duk lokacin da aka kunna su. Su ne suka fi ba da ciwon kai, don haka a duba jerin firintocin da TP-Link ya ce akwatin na ɗauka, lamba da lamba. In firintar mai haɗe da sikana ce, bugu kaɗai za ka samu. Ba ya kuma yin AirPrint, wato iPhone ba za ta gan shi ba.

Ta fuskar tsaro, ba abin yabo. Takardu na wucewa ba a rufe ba, duk wanda ke kan netwok ɗin zai iya aika bugu. A sa masa kalmar sirri tun ranar farko, a raba shi da Wi-Fi ɗin baƙi, kada kuma a buɗe masa ƙofar 515 ko 9100, hanyoyin da bugu ke shigo masa, zuwa intanet. Masu Windows 11 su lura da Windows Protected Print Mode da ya zo a sigar 24H2: in aka kunna shi, tsofaffin direbobi ba sa aiki, firintar za ta ɓace.

Ga shagon buga takardu ko ofis mai kwamfuta 5 zuwa 10 da firinta mai jin PCL, ya cancanci kuɗinsa. Mai LaserJet 4250 kuwa ba ya buƙatarsa, katin netwok na HP mai suna JetDirect 620n ya fi masa, tunda cikin firintar yake shiga kai tsaye. Wanda kuma ke son bugu daga waya, gara ya jona firintar da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi mai manhajar bugu ta CUPS, duk da cewa saitinsa sai wanda ya san Linux.