Samfuran waje a kan Proxmox: wanda ya yi mana aiki a Samaru da wanda na goge

Cibiyarmu ta koyar da kwamfuta a Samaru, kusa da jami'a, uwar garke ɗaya gare ta, tsohuwar kwamfuta ce 'yar gwanjo da muka ƙara wa ram. A kanta muka ɗora Proxmox, manhajar raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin da yawa, wadda wani kamfani na birnin Vienna ya fara fitarwa a 2008 bisa Debian. Tun sigar 4.0 ta 2015 suka bar fasahar OpenVZ suka koma ta LXC wajen yin kwantena, wato keɓaɓɓen ɗaki a cikin uwar garken mai aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Ita kwantena ba ta da kanel nata, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta, na uwar garken take ara, shi ya sa ba ta cin ram kamar cikakken injin KVM mai kanel nasa. Wannan dalilin ne kuma ya sa Windows ba ta shiga cikinta, kada ma ka ɓata lokacinka.

Samfuri shi ne shiryayyen fayil da ake ƙirƙirar kwantena daga gare shi. Samfuran da Proxmox ke yi da kanta, irin su Debian da Ubuntu da Alpine, ba su da wata rigima. Magana a kan na waje ce.

Samfuran TurnKey Linux, masu zuwa da manhaja a shirye, na fi jin daɗi. Ba ka ma buƙatar yawo a intanet: ka buga umarnin pveam update, jerinsu ya fito tare da na gida, ka zaɓa. Na ɗauki na Moodle, manhajar koyarwa ta yanar gizo, domin yaranmu masu shirin JAMB su riƙa gwajin tambayoyi a kwamfuta. Da na kunna kwantenar na shiga, sai shuɗin allo ya fito yana tambayar kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, na rumbun bayanai da na mai kula da shafin. Kafin shayina ya huce shafin ya buɗe a kwamfutocin aji. Akwai kuma Webmin, shafin sarrafa kwantenar ta burauza, a tashar 12321, wanda ya ceci Malam mai koyar da lissafi, don shi da baƙin allon umarni ba sa ga maciji. Aibinsu nauyi. Ɗaruruwan megabait ne kowanne, kuma duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san abin da nake nufi. Da tsakar dare na sauke nawa. Abin daɗin shi ne sau ɗaya kake saukewa, fayil ɗin ya zauna a /var/lib/vz/template/cache, ka yi ta haifar kwantena da shi ko babu intanet.

Na shafin images.linuxcontainers.org wani abu ne daban. Can ne za ka samu abin da babu a jerin Proxmox, kamar OpenWrt da Kali. Kana ɗaukar fayil ɗin rootfs.tar.xz, ka liƙa adireshinsa a wurin saukewa na shafin Proxmox, ka sa lambar SHA256 da suka wallafa a gefensa domin Proxmox ta tantance fayil ɗin bai canja ba. Ka sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, in ba haka ba gobe ka tarar da rootfs uku ka rasa wane ne wane. Waɗannan samfuran tsirara suke zuwa, yawanci ko SSH, hanyar shiga daga wata kwamfutar, babu sai ka saka da hannunka. OpenWrt kuwa ta shafin yanar ba ta ƙirƙiruwa yadda ake so, sai da na koma umarnin pct create na sa mata ostype unmanaged, na tsara katin sadarwarta daga ciki. Ga ɗalibi mai son ya koya, wannan wahalar makaranta ce. Ga mai son aiki ya tashi kafin la'asar, ban ba da shawara ba.

Wanda na goge shi ne samfurin da wani ya haɗa ya ajiye a shafinsa, wai komai na ciki. Babu lambar tantancewa, babu bayanin yadda ya gina shi. Da na leƙa sai na tarar da makullin SSH na wani zaune a asusun root, mai cikakken iko. Wataƙila mantuwa ce, amma tunda kanel ɗaya suke ci da uwar garken da ke ɗauke da sakamakon yara, nan take na buga pct destroy na goge kwantenar. Tun daga nan duk samfurin waje, har na TurnKey, a matsayin kwantena marar cikakken iko nake buɗe shi, inda root na ciki ke zama lamba 100000 kawai a wajen uwar garken.