Wata goma sha huɗu da injin gugar katako mai bel da faifai

Ni ƙaramin kafinta ne a Kano, aikina bai wuce allunan karatu, kujeru 'yan tsuguno da firam ɗin hoto ba. Shekara da shekaru da hannu nake guga, in naɗe samfefa a guntun katako in yi ta dirza har kafaɗa ta riƙe. Da aiki ya yi yawa bara, na daure na sayi injin nan da ake ɗorawa a kan benci, mai baki biyu: bel na samfefa a sama mai faɗin inci 4 da tsawon inci 36, sai faifai a gefe mai inci 6. Ƙirar Sin ne. Irinsa sak na gani har kala uku a kasuwa, fenti da suna kawai suka raba su.

Ranar farko ya nemi ya ba ni kunya a gaban yara. Ina kunnawa bel ya fara zamewa gefe, kafin in kai hannu makunni ya soma goga murfin, bakinsa ya zaizaye zare-zare. Na ce shi ke nan, an yi mini sakiyar da ba ruwa. Ashe laifina ne. Akwai wani ɗan maburgi da ake murɗawa a gefen rola ta gaba, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, shi ke karkata ta dama ko hagu, kuma ba ya son gaggawa. Ka fara juya bel ɗin da hannu injin yana kashe, ka ga inda yake nufa. In ka kunna, ka murɗa kaɗan, kamar rubu'in zagaye, ka dakata ya amsa. Ni da nake murɗawa kamar mai buɗe famfo, sai ya tsallake tsakiya ya faɗa ɗaya gefen.

Bayan wata huɗu zamewar ta dawo, wannan karon maburgin ya ƙi jin magana. Da na sassauta hannun ɗaurewa na zare bel, sai na tarar garin katako ya daskare a kan rola kamar ƙanzo. Ita rolar an yi ta da ɗan tudu a tsakiya, tudun ne ke riƙe bel a hanya. In datti ya taru a gefe ɗaya, tudun ya tashi a banza. Na kankare da guntun katako, na share, ya dawo daidai. A nan ne kuma na lura da kibiyar da aka buga a cikin bel ɗin. Mai irin wannan haɗi, baki ɗaya a kan ɗaya, in ka sa shi a juye katako zai riƙa tuntuɓe da bakin haɗin har ya ɓalle shi. Biyu na yi asara kafin in gane.

Abin da ya fi tsorata ni wata safiya ce da na kunna ya yi ta gurnani, uuum, bai juya ba. Na kashe nan take, don in ka bar shi a haka koyil, wato naɗin wayar da ke cikin motarsa, zai ƙone. Na kira maƙwabcinmu mai gyaran fanka da injin ruwa. Ya kunna, ya ɗan tura faifan da guntun itace, sai ga shi ya kama gudu.

"Maigida, kafasita ce," in ji shi. "Ba abin da ya sami koyil."

Kafasita ita ce 'yar na'urar da ke ba motar ƙarfin fara juyawa. Ya kwance ta, ya tafi da ita kasuwa ya samo mai lamba iri ɗaya. Ko awa ba a yi ba. Ya kuma ja mini kunne cewa in wuta ta zo ba ƙarfi, in haƙura ko in tayar da janareta, don injin na wuta 220 ne, kuma rarraunar wuta ta fi ɗaukewa illa. Akwai kuma ɗan bel mai haƙora a ciki da ke haɗa motar da rola. In ka ji injin na gudu amma samfefa na tsayawa da ka ɗora katako, shi za ka fara dubawa.

Baƙin tabo a jikin katako, musamman kan maɗaci ta wajen yanka, wannan dannawa ce da toshewar samfefa. Yara na ganin in sun danna aiki zai fi sauri, alhali zafi kawai suke tarawa. Ina farawa da samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, in gama da mai laushi, 120. In ta toshe, tsohon tafin takalmi na ɗanyen roba nake kanga mata tana gudu, sai ka ga ƙwayoyinta sun fito fes.

Faifan kuwa ina da ƙorafi a kansa. Samfefarsa mai gam ce a baya, da zafin bazara ya kankama sai ta fara ɗagowa ta baki. Dole ka wanke tsohon gam da tina, ƙarfen ya bushe sarai, kafin sabuwa ta kama. Teburin da ke gabansa shi ne mafi rauni a injin gaba ɗaya. Noti ɗaya ke riƙe da shi, girgiza kaɗan ya sunkuya, firam ɗinka ya fito kusurwa ba ta haɗu ba. Yanzu kullum da sikwaya nake fara aiki, kuma ba na barin ratar da ke tsakaninsa da faifai ta wuce milimita 2, don kada siririn katako ya faɗa ciki ya ja yatsa. A nawa, gefen hagu ne ke juyawa ƙasa, nan ake ɗora aiki. Ƙaramin yarona ya taɓa ɗorawa a dama, guntun ya yi sama ya wuce ta gefen kunnensa. Tun ranar na shata layi da alƙalamin maka a tsakiyar teburin.

Ƙura yana tayarwa ba kaɗan ba, ba na barin kowa ya tsaya kansa ba takunkumi. Kuma na hana wasa wuƙa a kai, duk da maƙwabta sun yi ta kawowa gab da layya. Tartsatsin ƙarfe da garin katako a cikin murfi ɗaya, Allah ya tsare.

Allon da nake ɓata rabin awa a kansa, yanzu 'yan mintoci ne. Mai yin ƙofofi da manyan tebura kada ya ɓata kuɗinsa, bel ɗin ya yi masa gajarta, na hannu zai nema. Nawa dai boris ɗin rola ta gaba ya fara ɗan kuka da safe. Na sa yaro ya kwafo lambarsa, in na gama allunan da ke hannuna zan canza.