Hargitsi Iri Biyu a Cikin Maganaɗisu

Ɗan zango mai karatun fiziks a jami'ar KNUST, nan Kumasi, da ke son bincike kan tsarin Ising, wato lissafin da ke kwatanta yadda maganaɗisu ke aiki, zai tarar da hanya biyu ta sa hargitsi cikin maganaɗisu. A wannan tsari kowace ƙwayar zarra 'yar kibiya ce mai duban sama ko ƙasa, kuma idan aka yi sanyi sai maƙwabta su daidaita fuska.

Hanya ta farko, a ba kowace kibiya wani ƙarfi daga waje da ke janta inda ya ga dama. Masana biyu, Imry da Ma, sun nuna a 1975 cewa a shimfiɗa mai tsawo da faɗi kawai, komai ƙanƙantar wannan jan, daidaituwar ta rushe. Idan an ƙara tudu kuwa, daidaituwar tana tsira muddin jan bai yi yawa ba.

Ta biyun ta fi rikici. Dangantakar maƙwabta ake cakuɗawa, wasu na son bin juna, wasu na son saɓani. Ɗauki kibiya uku da kowace ke son saɓa wa sauran biyun: ko ta yaya aka jera su, dole biyu su dubi wuri guda. Sanyi na zuwa sai su daskare a hargitse, kamar yadda ake gani a tagulla da aka sa wa ɗan ƙarfen manganis. Masana Edwards da Anderson sun tsara lissafin wannan hargitsi a 1975, aikin masani Parisi a wannan fanni kuma na cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021.

Ni dai, ƙanena, in kwamfutarka 'yar tafi-da-gidanka ce, ɗauki ta farko. Kwaikwayon ta biyun a kwamfuta kan maƙale ya ƙi gaba, ya cinye maka zangon karatu.