Gwajin yawu don gano haɗarin sikizofireniya bai ci kuɗinsa ba

Wani kamfanin ƙasar waje yana sayar da gwajin ƙwayoyin gado ta intanet, wai yana auna haɗarin kamuwa da sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su. Na saya daga nan Sakkwato saboda akwai mai lalurar a danginmu. Ƙaramar kwalbar roba ce ake tofa yawu a ciki, a rufe, a mayar musu, kuma ta wannan fuskar aikinsu ba shi da aibu.

Sakamakon ne bai gamsar da ni ba, domin maki kawai suka turo, babu likitan da zai yi bayani. Mun saba da gwajin sikila kafin aure, inda ƙwayar gado guda take yanke hukunci, amma wannan ciwo ya sha bamban. Binciken da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 287 a jerin ƙwayoyin gado masu alaƙa da shi, kowanne da ɗan tasirinsa, kuma akasarin waɗanda aka bincika Turawa ne, saboda haka makin ba abin dogaro ba ne ga Bahaushe. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya yakan kamu, ɗayan ya tsira.

Wanda ya ga alamun ciwon a jikin ɗan'uwansa, gara ya nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da kuɗin.